Wa Ya Waye, Wa Bai Waye Ba?

Akwai wasu maganganu da suka zama ruwan dare a bakin jama'a, har ma a harabar makarantunmu, waɗanda ba a cika tsayawa a tambayi asalinsu ba. Za ka ji an ce mutanen wuri kaza "ba su waye ba", ko ƙabila kaza "haka jininsu yake", ko kuwa wata al'umma "har yanzu tana baya". Mai faɗar irin wannan magana yakan ɗauka ra'ayin kansa yake bayyanawa, alhali kuwa kimanin shekara 150 da suka wuce manyan masanan Turai sun rubuta ta a littattafai da sunan kimiyya, kuma mu ɗin nan, mutanen Afirka, muna cikin waɗanda aka auna da ita aka ce sun gaza. Daga baya ita kimiyyar da kanta ta dawo ta gwada waɗannan ra'ayoyi, ta ga ba su da tushe, ta watsar da su. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata ɗaliban sakandare da malamansu su san tarihin waɗannan ra'ayoyi, domin wanda bai san yadda aka ƙera mudu ba, da shi za a cuce shi a kasuwa, kuma da shi zai cuci maƙwabcinsa ba tare da ya sani ba.

Mafarin tambayar

Fannin da muke magana a kansa shi ne antirofoloji, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta kuwa nazarin ɗan Adam. Masu wannan fanni sun kasu kashi-kashi. Wasu suna nazarin jikin mutum da ƙasusuwansa, wasu harsunansa, wasu suna tona kufai domin gano kayan da mutanen dauri suka bari, wasu kuma suna nazarin al'adu da tsarin zaman jama'a. Tambaya ɗaya ce ta haɗa su: yaya aka yi 'yan Adam, da yake halittarsu ɗaya ce, suka sha bamban haka wajen ci da sha da aure da mulki da jana'iza?

Wannan tambaya ta girmi jami'o'in Turai nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya ba da labarin yadda Sarkin Farisa Dariyus ya tambayi wasu Girkawa, masu al'adar ƙona mamaci, nawa za a biya su su ci gawar iyayensu. Suka ce babu dukiyar da za ta sa su aikata haka. Sai ya kira wasu mutane daga ƙasar Hindu waɗanda aka ce al'adarsu ke nan, ya tambaye su nawa za a ba su su ƙona gawar nasu iyayen. Su ma suka yi kururuwa, suka roƙe shi ya bar wannan mummunar magana. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. A wajen shekarar 1030 kuma malamin nan Musulmi, Albiruni, ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi sukutum a kan addini da ilimi da al'adun Indiyawa. A 1377 Ibnu Haldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya nuna cewa bambancin halin makiyaya da na mutanen birni ya taso ne daga bambancin hanyar neman abincinsu. Amma sai a ƙarni na 19 wannan nazari ya zama fanni mai zaman kansa, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da Turawa suke mamaye duniya. Wannan haɗuwa ta bar tabo a jikin ilimin, kamar yadda za mu gani.

Al'ada da tsanin wayewa

Ra'ayi na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne ma'anar al'ada. A 1871 wani Baturen Ingila, Edward Tylor, ya faɗaɗa ma'anar kalmar ta haɗa da ilimi da imani da sana'a da doka da ɗabi'a da duk wani abu da mutum ya koya saboda zamansa cikin jama'a. Muhimmin abu a nan shi ne koyo. Ba a haihuwar jariri da harshe ko kunya ko iya ciniki. Da za a ɗauki jinjiri daga Katsina a rene shi a Japan, da Japananci zai tashi, da ladabinsu zai gaida manya. Wannan ra'ayi ya tsaya da ƙafarsa har yau.

Sai dai Tylor da tsaransa sun haɗa shi da wani ra'ayin da bai tsaya ba. A ganinsu dukkan al'ummomin duniya tsani ɗaya suke hawa, wasu suna ƙasa wasu suna sama. Wanda ya fi kowa tsara wannan tsani shi ne wani lauyan Amurka, Lewis Henry Morgan, a littafinsa na 1877. Ya kasa tarihin ɗan Adam hawa uku: zaman jeji, da gidadanci, da wayewa. Kowane hawa ya ba shi alamominsa, daga amfani da wuta zuwa kwari da baka, zuwa ginin tukwane, zuwa kiwo da noma, zuwa narkar da tama, har a kai ga rubutu da baƙaƙe, wanda shi ne ƙofar wayewa. Ba sai an faɗa ba, mai tsanin da jama'arsa su ne a can ƙololuwa.

Me ya karya wannan tsani? Da farko dai akasarin masu wannan ra'ayi, in ban da shi Morgan da ya zauna da wasu Indiyawan Amurka, suna zaune ne a ɗakunan karatunsu suna harhaɗa labaran fatake da 'yan mishan da jami'an mulki, wato abin da Bahaushe ke kira ji-ta-ji-ta. Na biyu, da aka duba duniya da idon basira, sai aka ga al'ummomi ba su bin jerin da aka zana masu. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta mulki ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 4,000, da hanyoyi da rumbunan gwamnati da ƙidayar jama'a, ba ta da baƙaƙen rubutu, ba ta kuma narkar da tama, da ƙulle-ƙullen igiya take ajiye lissafinta. Mutanen tsibiran Folinisiya, waɗanda Morgan ya ajiye akasarinsu a hawan zaman jeji, sun ratsa dubban kilomitoci na tekun Fasifik cikin jiragen ruwa na itace, suna bin taurari da igiyar ruwa, tun ƙarnoni kafin Turawa su san hanyar. To, a wane hawa za a sa su?

Amma kafin tsanin ya karye ya riga ya yi ɓarnarsa. Shekara bakwai bayan littafin Morgan aka buɗe taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, kuma hujjar da aka riƙa kafawa ita ce za a kawo wa na ƙasa wayewa. Saboda haka duk ɗalibin da ya dubi ɗan'uwansa na ƙauye ko na kan dutse ya ce bai waye ba, ya sani tsohon tsanin nan ya ɗauko, ya kuwa manta cewa masu shi a ƙasa suka ajiye shi tare da wanda yake rainawa.

Zancen jini

Ra'ayi na biyu da aka gwada aka watsar shi ne na jinsi, wato cewa 'yan Adam sun kasu zuwa wasu 'yan rukunoni na jini, kuma jinin ne ke yanke hazaƙa da hali. A 1795 wani Bajamushe, Blumenbach, ya kasa mutane gida biyar bisa ga siffar ƙoƙon kai da launin fata. Waɗanda suka biyo bayansa suka jera gidajen nan daga mafi daraja zuwa mafi ƙasƙanci. Tun a lokacin an sami masu ja. A 1885 wani baƙar fata ɗan ƙasar Haiti, Anténor Firmin, ya wallafa littafi a birnin Faris a kan daidaiton jinsunan ɗan Adam, amma masanan zamaninsa suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Wani reshe na wannan ra'ayi ya shafe mu kai tsaye. Shi ne wanda ke cewa duk wani abin kirki da aka tarar a Afirka, sarauta ce ko birni ko ƙira, wasu baƙi ne masu hasken fata da ake kira Hamawa suka kawo shi. C. G. Seligman ya yayata wannan a littafinsa na 1930 a kan jinsunan Afirka, aka kuma yi ta sake buga shi har cikin shekarun 1960. Da irin wannan tabarau jami'an mulkin mallaka suka dubi Fulani da Haɓe a ƙasarmu, suka kuma fassara labarin Bayajida. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wa wannan fahimta raddi, ya nuna cewa daulolin ƙasar Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauyuka zuwa garuruwa zuwa birane, saboda dalilan noma da ciniki da tsaro. A Ruwanda kuwa, inda 'yan mulkin mallakar Beljiyam suka ɗauki Tutsi a matsayin Hamawa suka kuma rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida cikin shekarun 1930, wannan tatsuniya tana cikin abubuwan da masu kisan ƙare-dangi na 1994 suka yi ta hura wuta da su, aka hallaka fiye da mutum 500,000 cikin kwana 100 kacal. Ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma ta isa ta nuna cewa ra'ayin da aka rubuta a ɗakin karatu yana iya ƙarewa a bakin adda.

Wanda ya fi kowa yaƙar zancen jini a cikin fannin shi ne Franz Boas, Bajamushen da ya koma Amurka da zama. Tsakanin 1908 da 1910 ya sa aka auna kawunan baƙin haure da 'ya'yansu kusan 18,000 a birnin Niyok, sai ya ga siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta iyayensu. Masana sun sake duba alƙalumansa a 2002 da 2003, sun kuma yi saɓani a kan girman canjin, amma darasin ya riga ya zauna: ma'aunin da aka ce ba ya canzawa, ashe abinci da muhalli suna taɓa shi. A 1950 hukumar UNESCO ta fitar da sanarwar masana da ke cewa babu hujjar kimiyya da ta fifita wani jinsi a kan wani. A 1972 kuma Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado na 'yan Adam ana samunsa ne a cikin kowace al'umma ɗaya, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Abin da ya rage tsakanin manyan rukunonin da ake ta kururutawa ɗan kaɗan ne.

Gani ya kori ji

Boas ya fara aikinsa ne a 1883, lokacin da ya tafi tsibirin Bafin a arewacin Kanada ya yi shekara guda tare da mutanen Inuwit. A can ya ga cewa duk digirinsa na jami'a, in ba don iliminsu na ƙanƙara da farauta ba, da bai kai labari ba. Daga nan ya koyar da ɗalibansa cewa kowace al'ada tana da tarihinta, kuma sai an auna ta da nata mudun kafin a fahimce ta.

Misali mafi kyau na wannan hanya ya fito ne daga Afirka. A littafinsa na 1937 a kan mutanen Azande na kudancin Sudan, Evans-Pritchard ya kawo zancen rumbu. Wani lokaci rumbu yakan faɗo wa mutanen da ke shan inuwa a ƙarƙashinsa, sai Azande su ce maita ce. Baƙo mai gaggawa zai ce jahilci ne, ba su san gara ce ta cinye ƙafafun rumbun ba. Alhali sun sani sarai. Tambayarsu daban ce: me ya sa ya faɗi a daidai wannan sa'a, a kan waɗannan mutane? Mai binciken bai yarda da maita ba, amma ya nuna cewa tunaninsu yana da tsari, kuma tambayar da suke yi kowane ɗan Adam yana yin ta ranar da masifa ta same shi.

Irin wannan fahimta ba ta samuwa sai da zama cikin jama'a. Wanda ya kafa wannan ƙa'ida shi ne Bronislaw Malinowski, mutumin Folan, wanda ya zauna a tsibiran Tirobiriyan da ke gabas da Niugini tsakanin 1915 da 1918, ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauye, ya koyi harshensu. A littafinsa na 1922 ya bayyana wata al'ada mai suna kula, inda mutane ke shiga kwalekwale su yi tafiya mai haɗari domin musayar sarƙoƙin jan kodi da awarwaron farin kodi, sarƙoƙin suna zaga tsibiran ta wannan gefe, awarwaron ta wancan. Kayan ba a ci, ba a sayarwa, ba a kuma riƙe su har abada. Amfaninsu shi ne ƙulla aminci da ɗaga suna, a inuwarsu kuma ake cinikin yau da kullum. A 1925 Marcel Mauss na Faransa ya tattara irin waɗannan misalai ya ce kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa, da karɓa, da ramawa. Duk wanda ya san yadda mata ke riƙe lissafin gudummawar biki, ko ya san cewa yaba kyauta tukuici, ba ya bukatar dogon sharhi a nan.

Ita ma kalmar ƙabila an sake duba ta. A 1969 Abner Cohen ya wallafa bincikensa a kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna cewa ƙarfafa Hausancinsu da suka yi yana da alaƙa da kare cinikin goro da na shanu, domin amana da bashi sun fi tafiya tsakanin waɗanda suka haɗa harshe da addini da mai gida. Ashe ƙabila ma abu ce da mutane ke ginawa, su faɗaɗa ta ko su tsuke ta gwargwadon bukata. Tarihin Hausawa shaida ne, domin mutane nawa ne kakanninsu Barebari ne ko Nufawa ko Buzaye ko Wangarawa, yau kuwa ba su da wani harshe sai Hausa?

Ƙorafi biyu

Na san akwai masu cewa wannan ilimi ɗan aiken mulkin mallaka ne, don haka babu ruwanmu da shi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. C. K. Meek, wanda ya wallafa littafi a kan ƙabilun Arewacin Nijeriya a 1925, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma bayan boren matan Aba na 1929 shi aka tura ƙasar Ibo ya binciko yadda za a gyara mulkinsu. Da aka buga littafin sirrin Malinowski a 1967, an tarar da kalaman raini ga mutanen da suka karɓi baƙuncinsa. A 1973 Talal Asad ya tara masana suka yi wa fannin tankaɗe da rairaya a kan wannan tarihi. Amma abin lura shi ne, da hujja da awo da zama cikin jama'a aka karya tsanin wayewa da zancen jini, wato da kayan aikin shi wannan ilimi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In muka ƙaurace masa, littattafan da aka rubuta a kanmu suna nan a ɗakunan karatun duniya, sai dai a rasa mai gyara kurakuransu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Wasu iyaye da malamai suna tsoron cewa in aka koya wa yaro auna kowace al'ada da mudunta, zai tashi yana ganin babu daidai babu kuskure, har ya yi sakaci da addininsa. Amsata ita ce, fahimtar abu daban, yarda da shi daban. Albiruni ya bayyana aƙidun Indiyawa kamar yadda masu su suke faɗa, bai kuwa bar Musuluncinsa ba. Alƙali ma sai ya saurari ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci. Kuma ko mai son gyara wata al'ada mai cutarwa, dole ya san abin da take nufi ga masu ita. Lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, wankan gawa da taɓa ta suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwar cutar. Da jami'ai suka riƙa ɗauke gawa da ƙarfi, sai jama'a suka koma ɓoye marasa lafiya da binne mamata a asirce. Sai da aka saurari masana al'adu da limamai da fastoci, aka tsara jana'izar da ta kare lafiya ta kuma mutunta mamaci da danginsa, sa'an nan mutane suka fara ba da haɗin kai.

Waƙa a bakin mai ita

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Da yawa daga cikin abin da duniya ta sani game da Hausawan da, daga bakin Hausawa ya fito, ko da yake sunan wani ne a bangon littafin. Tatsuniyoyi da al'adun da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa a kan noma da sana'o'i da zaman jama'ar ƙasar Hausa. Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ta zauna da Mary Smith a Giwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, tun daga zamanin harin bayi har zuwan Turawa, da yadda ake aure da goyo da ƙawance. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Irin su Baba suna nan a kowace unguwa, kullum kuma raguwa suke yi. Don haka ina kira ga malaman tarihi da na Hausa da na nazarin zaman jama'a da su ba ɗalibai aikin hutu na irin wannan bincike. Ɗalibi ya zauna da maƙeri ko majemi ko ungozoma ko mai kiwo, ya nemi izininsa, ya rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, ya sa sunansa da garinsu da ranar da aka yi hirar, ya kuma raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Wanda ya fi ƙwazo ya je wurin maƙwabcin da ba harshensu ɗaya ba, ko ba addininsu ɗaya ba, ya tambaye shi yadda suke raɗa suna da yadda suke zaman makoki, ya riƙe hukuncinsa har sai ya gama saurare. Littafin rubutu da alƙalami da ladabi sun isa jari. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya, da wuya ya sake buɗe baki ya ce wata al'umma haka jininta yake, domin ya riga ya ga dalilin da ke bayan abin da a da yake yi wa dariya. Allah Ya ba malamai da ɗalibai ikon ɗaukar wannan nauyi, amin.